An Gama Rubuta Kundi, Digiri Bai Fito Ba: Nazarin Lamarin Wani Ɗalibin Digiri na Uku

Akwai wani tsaiko da ke cin ɗaliban digiri na uku a jami'o'in Najeriya wanda ba a cika maganarsa ba, saboda yana zuwa ne a daidai lokacin da kowa ke ganin an gama. Ɗalibi ya rubuta babi biyar, malaman da ke duba aikinsa sun karanta sun sa hannu, a gida ma har an fara kiransa Dakta, sai shekara ta zagayo bai kare kundin a gaban masu jarrabawa ba. Idan aka bi diddigi, sau da yawa binciken lafiyarsa ƙalau. Abin da ya riƙe shi yana cikin fayil ɗinsa da ke Makarantar Karatun Gaba da Digirin Farko, da kuma ranakun zaman kwamitocin da kundin zai ratsa.

Lamarin da za a duba a nan an haɗa shi ne daga matsalolin da suka fi maimaituwa, ba a jingina shi ga wani mutum ko wata jami'a ba. A ɗauka malami ne a wata kwalejin ilimi, ya sami gurbin digiri na uku a fannin tattalin arzikin noma a wata jami'ar tarayya a arewa, a shekarar karatu ta 2018/2019, da tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu. Bincikensa a kan ribar noman rani ne. Ya yi kwasa-kwasan shekarar farko ya ci, ya kare ƙudurin bincikensa a gaban sashe, an naɗa masa babban mai duba aiki da mataimaki. Har zuwa nan komai kan tsari yake.

Wa'adi da yadda ake lissafa shi

A galibin jami'o'in ƙasar nan, bisa ma'aunin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta shimfiɗa, ɗalibin digiri na uku mai karatu cikakken lokaci ba ya gamawa ƙasa da zango shida, wato shekarar karatu uku, kuma ba a so ya wuce zango goma. Mai karatu yana aiki akan ƙara masa wa'adi. Kowace jami'a tana da littafin ƙa'idojinta, kuma abin da ke cikinsa shi ne hujja ranar da magana ta taso. Ɗalibai da yawa ba su taɓa buɗe wannan littafi ba sai ranar da aka karanto musu wata doka daga cikinsa.

Wannan ɗalibi ya faɗa cikin shekaru masu wuya. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda annobar korona, a watan ne kuma ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. A 2022 aka sake wani, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Lokacin yajin aiki kwamitin sashe ba ya zama, ba a gabatar da samina, ba a kare kundi. Bayan an dawo, wasu jami'o'in sun soke shekarar karatu guda, wasu sun haɗe biyu. Abin lura shi ne wa'adi ana lissafa shi ne da shekarun karatun da jami'a ta buɗe rajistarsu, kwanakin kalanda ba su ne ma'auni ba. Don haka aikin farko ga duk wanda yajin aiki ya ratsa karatunsa shi ne ya je wurin kodinetan karatun gaba da digiri na sashensu, a zauna a ƙidaya masa a rubuce: zango nawa aka ɗora masa, nawa suka rage.

Shi wannan ɗalibi bai yi haka ba. Ya ɗauka tunda ya gama kwas, kuma yana filin bincike, ba sai ya sabunta rajista ba, sai ya tsallake shekara guda. Doka kuwa a fili take: ɗalibi yana sabunta rajista kowace shekarar karatu har ranar da aka amince da sakamakonsa. Wanda ya tsallake ba tare da takardar jingine karatu ba, shekarar tana cikin lissafinsa, kuɗinta yana kansa, kuma a jami'o'i da dama rashin rajista shekara biyu a jere na nufin ɗalibi ya janye kansa. Takardar jingine karatu ana nemanta ne kafin a tafi, da dalili bayyananne kamar rashin lafiya. Ba a cika karɓarta bayan an dawo ba. Ya biya bashin da tarar makara ta Remita, manhajar biyan kuɗi ta intanet, amma sake buɗe masa shafin rajistar shekarar da ta wuce sai da ya jira amincewar Makarantar. Wannan kaɗai ya ci makonni.

Taken kundi

A nan ne babban ƙullin yake, kuma shi ne wanda ya fi kama ɗalibai masu ƙwazo.

Taken da sashe ya amince da shi ranar kare ƙuduri ya ce za a yi binciken a jihohi uku na arewa maso yamma. Da ya fita fili sai ya ga ba zai yiwu ba: kuɗi ba su kai ba, wasu hanyoyin kuma babu tsaro. Ya tattauna da babban mai duba aikinsa, suka amince a taƙaita binciken ga manoman Shirin Ban Ruwa na Kogin Kano, wanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga, a ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Shawara ce mai kyau ta fuskar ilimi. Wuri ɗaya ne mai tsarin ruwa ɗaya, ga jerin sunayen manoma a hannun ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, ga ofishin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da za a nemi izini da bayanai. Binciken ya ƙara nauyi da aka taƙaita shi.

Sai dai a baki aka yi maganar. Taken kundi kuwa abu ne da ake yi wa rajista: sashe ya aika wa tsangaya, tsangaya ta aika wa hukumar Makarantar Karatun Gaba da Digiri, ita kuma ta amince ta rubuta. Daga ranar, taken da ke cikin waccan takarda shi ne sunan aikin a hukumance, kuma shi za a rubuta a wasiƙar naɗa mai jarrabawa na waje, da takardar sakamako, da takardar da za a kai wa Majalisar Jami'a, wato Sanet. Amincewar mai duba aiki ba ta canza shi. Da kundin ya isa teburin jami'in da ke tantance takardu, sai ya ɗora bangon kundin kusa da takardar amincewa, ya ga wannan na cewa jihohi uku, wancan na cewa ƙananan hukumomi uku. Nan take ya mayar da fayil ɗin sashe.

Gyaran ba shi da wahala a takarda. Ɗalibi ya rubuta takardar neman canza take ta hannun masu duba aikinsa, ya kawo tsohon take da sabo da dalili. Amma takardar sai ta bi duk matakan da tsohon taken ya bi, kuma kowane mataki yana da ranar zamansa. Idan ta kuskure wa zaman tsangaya da kwana biyu, sai ta jira na gaba. Idan canjin ya taɓa manufofin bincike, sashe na iya cewa a sake gabatar da samina. A wannan lamari manufofin ba su canza ba, farfajiyar bincike ce kawai ta ragu, shi ya sa aka tsira da takarda kaɗai. Duk da haka zango guda ya tafi.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: laifin ba na ɗalibi kaɗai ba ne. Mai duba aiki ya fi shi sanin ƙa'ida, kuma a ranar da ya ce a taƙaita, a ranar ya kamata ya ce a rubuta. Malami ɗaya da ke riƙe da ɗalibai masu yawa, ga koyarwa, ga aikin ofis, irin wannan takan kuɓuce masa. Amma wanda shekara za ta ci shi ne ɗalibi, don haka shi ya fi kowa buƙatar ya sa ido. Ko harafi ɗaya ne ya bambanta, ko "da" ce ta koma waƙafi, a gyara tun da wuri.

Takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike ma tana ɗauke da take. A binciken da ya shafi lafiyar mutane, ƙa'idar ƙasa ta 2007 ta wajabta samun izini kafin a fara tattara bayanai, kuma jami'o'i da mujallu da yawa sun faɗaɗa wannan sharaɗi zuwa duk binciken da ake yi wa mutane tambayoyi. Ba a bayar da izinin nan a kan aikin da aka riga aka gama. Shi ya yi sa'a yana da nasa tun kafin ya fita fili, sai kawai ya sanar da kwamitin canjin wuri aka ba shi takardar gyara.

Bayan take sai gwajin kwafe. Jami'o'i suna sa kundi a manhajar Turnitin ko makamanciyarta, wadda ke auna kashi nawa na rubutun ya yi kama da abin da aka riga aka wallafa. Iyakar da ake yarda da ita ta bambanta daga jami'a zuwa jami'a, sau da yawa tana kusa da kashi 20 cikin 100. Da aka gwada kundinsa a ɗakin karatu na jami'a, rahoton ya fito ja wur, kusan duk kundin. Dalili: watanni kafin nan ya kai kundin wani shagon kwamfuta a gwada masa don ya ga matsayinsa, mai shagon kuma ya shigar da shi ta hanyar da manhajar ke adana kwafi a rumbunta. Da aka zo gwajin gaskiya, kundin ya yi karo da kansa. Maganin shi ne a samo lambar shigarwar farko, mai asusun da aka yi amfani da shi ya nemi a goge kwafin, ko kuma jami'in ɗakin karatu ya ware wannan tushe daga lissafi idan ya gamsu aikin ɗalibin ne. Wanda zai gwada kundinsa kafin lokaci ya tabbatar an zaɓi tsarin da ba ya adanawa. Haka kuma a duba ko an cire manazarta da maganganun da aka ɗauko cikin alamar zancen wani daga lissafin, idan ƙa'idar jami'ar ta yarda. Babi na biyu, bitar ayyukan da suka gabata, shi ne yakan ɗaga adadin, kuma canza kalmomi ɗaya bayan ɗaya ba ya gyara shi. Sai an rufe littafin an rubuta abin da aka fahimta, sannan a ambaci mai shi.

Sharaɗin wallafa maƙala bai ba shi wahala ba, domin ya tura maƙaloli biyu daga kundin tun yana rubuta babi na huɗu. Jami'o'i da dama yanzu suna neman maƙala ɗaya ko biyu, ko takardar karɓa daga mujalla, kafin a tsayar da ranar kariya. Wanda ya bari sai ƙarshe shi ke faɗawa hannun mujallun nan da ke wallafa komai cikin mako guda idan an biya, sashe kuma ya ƙi karɓa. Mujallar kirki tana ɗaukar watanni wajen tantancewa. Kafin a tura, a duba ko tana cikin rumbunan da ke jera mujallun da aka tantance, irin su Scopus ko Web of Science ko AJOL, a kuma tambayi sashe ko yana da jerin waɗanda ya amince da su.

Mai jarrabawa na waje

Bayan kariyar cikin gida, inda malaman sashe ke tsefe kundin, da gyaran da ya biyo baya, sashe yakan gabatar da sunayen masana daga wasu jami'o'i tare da tarihin aikinsu. Dole ya kasance mai digiri na uku, babba a fannin, wanda ba shi da hannu a aikin. Hukumar Makarantar ta duba, Sanet ta amince, a aika masa wasiƙa da kundi. Akan ba shi makonni ya karanta ya aiko da rahoto a rubuce, kuma idan rahoton ya ce kundin bai isa kariya ba, ba za a tsayar da rana ba.

Wannan mataki ba ya hannun ɗalibi, kuma bai kamata ya nemi shiga ba. Kiran mai jarrabawa a waya, ko aika masa wani abu da sunan kuɗin mota, yana zubar da darajar digirin, kuma yana iya jawo a soke jarrabawar. Abin da ya halatta shi ne bibiya ta hannun kodineta: an aika sunaye? An amince? Yaushe kundin ya tafi? Ɗalibi ya riƙe kwafin kowace takarda da ranar da aka karɓe ta. A daidai wannan lokaci ne ya shiga zangonsa na goma, sai mai duba aikinsa ya sa shi ya rubuta takardar neman ƙarin wa'adi tun kafin zangon ya ƙare, tare da rahoton da ke nuna kundin yana hannun mai jarrabawa. Wannan dabara ce ta cece shi. Neman ƙarin wa'adi kafin ya cika abu ne na yau da kullum. Bayan ya cika kuwa, magana ta koma roƙon a dawo da wanda aka riga aka sallama.

Ranar kariya

A ɗakin akwai shugaban sashe, da mai jarrabawa na waje, da na cikin gida, da masu duba aikin, da wakilin Makarantar Karatun Gaba da Digiri wanda aikinsa ya tabbatar an bi ƙa'ida. Ɗalibi yakan yi bayanin aikinsa cikin kamar minti ashirin zuwa talatin, sannan tambayoyi su biyo.

Tambayar da ta fi ba shi gumi ba ta fito daga lissafi mai zurfi ba. Mai jarrabawa ya buɗe teburin amfanin gona a babi na huɗu, inda aka rubuta tumatir da kilogiram a kowace hekta, ya ce: "Malam, manomin Kura da kwando yake sayar da tumatir, gonarsa kuma da eka yake kiranta ko da sunan wanda ya gada. Yaya kwando ya zama kilo?" Eka mai sauƙi ce, hekta ɗaya tana daidai da eka 2.47. Kwando kuwa ba shi da ma'auni ɗaya: akwai babba, akwai ƙarami, akwai wanda aka yi wa tozo aka ɗaure da takarda da igiya. Ɗalibin ya auna kwanduna da sikeli a kasuwa ya ɗauki matsakaici, amma bai rubuta haka a babi na uku ba. Duk lissafin riba a kan wannan juyi yake tsaye, kuma mai karatu ba shi da hanyar tabbatar da shi. Aka umarce shi ya rubuta kwando nawa ya auna, a ina, da wane sikeli, ya sa teburin a rataye. Haka aka ce ya yi wa buhun albasa da na alkama.

Tambaya ta biyu a kan adadin manoman da aka yi wa tambayoyi ce. Ya rubuta 384, ya jingina da teburin Krejcie da Morgan na 1970. Wannan adadi shi ne teburin ke bayarwa idan jama'ar da ake bincike suna da yawa ƙwarai, kuma ya dace da tsohon taken jihohi uku. Yanzu da yake akwai jerin manoma a hannu, sai a faɗi yawansu, a nuna yadda aka raba adadin tsakanin ƙananan hukumomi ukun. Tsohon take ya bar sawunsa har cikin babi na uku. An kuma tambaye shi da wane harshe aka yi hirar. Da Hausa aka yi, takardar tambayoyin da ke rataye kuwa ta Ingilishi ce kaɗai. Aka ce ya haɗa ta Hausar, ya bayyana wanda ya fassara da yadda aka tabbatar ma'anar ba ta kauce ba.

Sauran gyare-gyaren sanannu ne: sunayen da aka ambata cikin rubutu ba su cikin manazarta, tsakure ya wuce adadin kalmomin da aka ƙayyade, manufa ta huɗu ba ta da sakamakon da ya amsa ta kai tsaye. Sai tambayar da ba ta taɓa fashi a kariyar digiri na uku: mene ne wannan aiki ya ƙara wa ilimi? Amsar da ake so ita ce abu biyu ko uku takamaimai da aka gano, da adadinsu, waɗanda ba a sani ba kafin binciken. Cewa ba a taɓa yin irinsa a yankin ba ba ta wadatarwa.

Hukuncin kwamiti yakan kasance ɗaya daga cikin waɗannan: an ci babu gyara, an ci da ƙananan gyare-gyare, manyan gyare-gyare da sai mai jarrabawa na waje ya sake gani, a sake kariya, ko an faɗi. Shi ya sami na biyu, aka ba shi wata uku.

Wata ukun nan wa'adi ne na gaske, kuma ɗalibai sukan saki jiki a cikinsa, su koma bakin aiki, ga 'yan taya murna. Wanda ya wuce shi ba da izini ba yana iya biyan kuɗin wata shekarar, ko ma a ce ya sake kariya. Hanyar da ta fi sauri ita ce a samu abokin karatu ya zauna a ɗakin yana rubuta duk abin da aka faɗa, a karɓi kwafin kundin da kowane mai jarrabawa ya yi wa rubutu da biro, sannan a zana tebur mai gida uku: abin da aka ce a gyara, abin da aka yi, da lambar shafi. Mai jarrabawa na cikin gida da aka ɗora wa tabbatar da gyara zai bi teburin cikin zama ɗaya ya sa hannu. Idan babu teburin, sai ya sake karanta kundin duka, kuma wannan sai ya sami sarari.

Kada a kai kundi wurin masu ɗinki da bango mai tauri sai an ga launi da tsarin rubutun bango da adadin kwafin da littafin ƙa'ida ya faɗa, sai kuma an duba sunan kowane mai sa hannu da muƙaminsa, domin malamin da yake Dakta ranar kare ƙuduri wataƙila ya zama Farfesa. Bayan an miƙa kwafin da na kwamfuta, sakamakon zai sake bin hanyar nan ta sashe da tsangaya da Makarantar har Sanet, kuma amincewar Sanet ce ke mayar da shi digiri. Takardar sanarwar sakamako da ke biyo baya ita ce kwalejin da yake aiki za ta karɓa don ƙarin girma, ita ce kuma za a saka a fayil ɗinsa na TETFund tare da kwafin kundin, kafin a fara ƙidaya shekarun da ya sa hannu zai yi wa kwalejin aiki.